Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Daren da Aka Mai da Ɗalibin da Ya Ɓata Ɗan Ta'adda

Ranar 16 ga Maris, 2013, wani saurayi ɗan shekara 22 ya fita daga masaukinsa a birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka, ya bar wayarsa da walat ɗinsa a ɗaki, bai dawo ba. Ɗalibin jami'a ne da ya ɗan jingine karatu saboda ciwon damuwa da yake fama da shi. Iyayensa da 'yan uwansa suka baro gida suka tare a Providence suna cigiya. Suka liƙa hotunansa a bango, suka bi asibitoci da wuraren kwanan marasa galihu, 'yan sanda suka shiga neman, daga baya hukumar bincike ta tarayyar Amurka, wato FBI, ita ma ta sa hannu. Sun kuma buɗe shafi a Facebook, inda dangi da abokai da baƙi suke rubuta masa kalaman ƙauna, da fatan in yana wani wuri yana dubawa ya san ana jiransa.

Ba zan ambaci sunansa a wannan rubutu ba. Sunan ya riga ya sha jan ƙasa, an haɗa shi da kalmar bam fiye da yadda aka haɗa shi da duk wani abu da yaron ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma ba na son in ƙara ɗigo ɗaya a wannan kogin. Zan riƙa kiransa ɗalibin.

Wata guda cif da ɓatansa, ranar Litinin 15 ga Afrilu, bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarshe na gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston, a kan titin Boylston, da misalin ƙarfe 2:49 na rana. An haɗa su ne a cikin tukwanen girki masu matse tururi, aka ɗauko su a jakunkunan goyo. Mutum 3 suka mutu, ciki har da yaro ɗan shekara 8, sama da 260 suka jikkata, da yawa sun rasa ƙafafu. Tsakanin Boston da Providence bai wuce tafiyar kilomita 80 ba. Wannan kusancin, da ɓatan, da kuma kasancewar ɗalibin yana da tushe a Indiya ta wajen mahaifinsa, sunansa kuma baƙo ne a kunnen yawancin Amurkawa, su ne kaɗai zaren da za a ɗinke shi da harin bayan kwana uku.

Zauren masu farauta

Wurin da bam ya tashi cike yake da kyamarori, domin dubban 'yan kallo suna ɗaukar hotunan 'yan uwansu masu gudu. FBI ta roƙi jama'a su aiko mata da duk hoto da bidiyon da suke da shi. Mutane sun aika, amma sun kuma zuba su a intanet, kuma a Reddit, wani dandalin tattaunawa na intanet, aka buɗe wani zaure na musamman don gano maharan. Ya kamata a yi wa waɗanda suka buɗe shi adalci: sun rubuta doka ƙarara cewa kada a saka sunan kowa ko bayanan da za su kai ga gane shi, duk wanda ya ga wani abu ya miƙa wa FBI. Yawancin waɗanda suka shiga ma ba mugunta ta kai su ba. Mutane ne da suka ga jini a talabijin, hankalinsu ya tashi, suka rasa abin yi, sai ga wata kafa da ta ba su damar jin cewa su ma suna taimakawa.

Aikin da ake yi a zauren shi ne a ɗauko hoton taron, a zagaye kan wani da jan layi, a ce ku dubi wannan: yana da jaka a hoton farko, ba ta nan a na biyu, kowa yana kallon masu gudu, shi yana kallon wani wajen, jakarsa ta yi nauyi. A Reddit masu karatu ne ke ɗaga rubutu sama ko su dannar da shi ƙasa da ƙuri'arsu, don haka hasashen da ya fi ɗaukar hankali shi ke hawa kan shafi, ko yana da tushe ko ba shi da shi. Wanda ya ce a yi hattara, maganarsa takan nutse a ƙasa inda ba mai gani. Wanda ya duba mutanen da aka fi zagayewa da jan layin nan zai ga da yawansu masu duhun fata ne, ko masu kama da Larabawa.

Tun kafin a zo kan ɗalibin an riga an ga illar wannan. Ranar Alhamis 18 ga Afrilu da safe, jaridar New York Post ta cika shafinta na farko da hoton wasu samari biyu da suka je kallon gudu, ta yi musu laƙabi da masu jaka, ta ce jami'an tsaro na nemansu. Ɗayansu ɗan makarantar sakandare ne. Ba su ji ba ba su gani ba. Da yammacin ranar, wajen ƙarfe 5, FBI ta fitar da hotunan mutum biyu da take nema da gaske, ɗaya da baƙar hular hana sallah, ɗaya da fara ya juya ta baya. Shugaban ofishinta na Boston, Richard DesLauriers, ya jaddada cewa waɗannan hotuna kaɗai jama'a za su dogara da su, sauran a yi watsi da su. Hotunan daga kyamarorin tsaro aka ciro su, sun yi dishi-dishi, fuskar mai farar hular ba ta fito tar ba.

Sa'o'i goma sha biyu

Ba a jima da fitar hotunan ba aka fara jera hoton mai farar hula da na ɗalibin, wanda 'yan uwansa da kansu suka yaɗa don a taya su nema. Wata da suka yi sakandare tare ta rubuta a Twitter cewa ta ga kama. A Reddit aka yi ta auna hanci da gashi da tsayi. Sai aka fara ɗora hujja a kan hujja: ya ɓata wata guda kafin harin, ya bar wayarsa don kada a bi sawunsa, FBI tana cikin masu nemansa tun Maris, to me ya sa FBI za ta nemi ɗalibi in ba ta san wani abu ba? Kowane abu da ke nuna yaro ne mara lafiya da ke cikin haɗari, an juya shi ya zama alamar shiri.

Daga nan aka yi wa shafin cigiyar ca. Wurin da aka tanada don saƙonnin ƙauna ya cika da zagi da barazana, ana kiran ɗansu mai kisa, ana tambayarsu ina suka ɓoye shi. Cikin daren iyalin suka sauke shafin. Duk mai ɗa zai fahimci dalilin: yaron da ke fama da damuwa, wanda ake fatan yana leƙa shafin a ɓoye, me zai faru da shi in ya buɗe ya tarar duniya tana kiransa ɗan ta'adda? Amma masu farauta suka ce ga shi nan, sun sauke shafin domin sun gane ɗansu a hoton FBI.

A nan na fi daɗewa duk lokacin da na koma kan wannan lamari, domin a nan ake ganin yadda tarkon yake. Da sun bar shafin, zagi zai ci gaba da taruwa a inda ɗansu zai iya gani. Da suka rufe, rufewar ta zama shaida. Da sun fito sun musanta, za a ce ai dole uwa ta kare ɗanta. Da suka yi shiru, aka ce shirun amsa ce. Gaba kura baya sayaki. Idan zato ya riga ya zauna a zukatan taro, babu motsin da wanda ake zargi zai yi da ba za a karanta shi a matsayin tabbaci ba. Su kuwa samarin da jarida ta buga hotonsu, duk da wahalar da suka sha, suna da baki da ƙafa, sun iya zuwa wurin 'yan sanda suka ce ga mu, ba mu ba ne. Ɗalibin ba shi da wannan damar. Rashinsa, wanda shi ne musibar iyalinsa, shi ne ya sa ya fi kowa sauƙin shafa wa kashin kaji.

A daidai wannan lokaci abubuwa na gaske suna faruwa a wani gefen. An harbe wani ɗan sandan jami'ar MIT mai suna Sean Collier a cikin motarsa, an ƙwace wata mota da mai ita a ciki, sannan bayan tsakar dare aka yi musayar wuta tsakanin 'yan sanda da maharan a garin Watertown da ke kusa da Boston. Dubban mutane suna zaune a gidajensu suna sauraron oba-obar 'yan sandan Boston ta intanet, suna rubuta abin da suka ji nan take. A cikin hayaniyar wani jami'i ya karanto sunan mahaifin wani mutum harafi-harafi, kuma da ya zo kan harafin M sai ya ce M irin ta Mike, kamar yadda masu oba-oba ke yi don kada a rikita haruffa. Masu sauraro suka ɗauka Mike sunan mutumin ne, suka haɗa shi da sunan da aka karanto, sai ga wani sabon wanda ake zargi da kunne ya ƙirƙira. Gab da ƙarfe 3 na dare wani ya rubuta a Twitter cewa 'yan sanda sun bayyana sunayen maharan biyu a oba-oba: wannan Mike ɗin, da kuma ɗalibin.

Daga baya wani marubucin mujallar The Atlantic, Alexis Madrigal, ya bi faifan oba-obar na wannan lokaci, bai ji inda aka ambaci sunan ɗalibin ba. Amma a daren babu wanda ya tsaya ya nemi faifan. Kalmar “'yan sanda sun ce” ta wanke jita-jitar tas, ta fitar da ita daga hasashen zaure ta mai da ita sanarwar hukuma. 'Yan jarida na manyan kafafe da masu mabiya dubbai suka sake yaɗa ta, kowanne yana jingina da wanda ya gabace shi. A Reddit aka shiga murna da taya juna barka, ana cewa talakawan intanet sun riga tsofaffin kafafen yaɗa labarai. Wayar 'yar uwar ɗalibin ta yi ta ƙara babu ƙaƙƙautawa, kira gommai a tsakanin ƙarfe 3 da asuba, motocin 'yan jarida kuma suka yi layi a ƙofar gidan iyayensa.

Da gari ya waye ranar Juma'a 19 ga Afrilu, sunayen gaskiya suka fito: Tamerlan Tsarnaev mai shekara 26, wanda ya mutu bayan artabun Watertown, da ƙaninsa Dzhokhar mai shekara 19, wanda aka kama da yammacin ranar a cikin wani kwale-kwale da aka ajiye a bayan wani gida.

Inda ya kamata a tsaya

Abin lura shi ne yadda aka gano su. Zanen yatsun Tamerlan ne ya tabbatar da ko wane ne shi. Wani da bam ya raba da ƙafafunsa biyu ya siffanta wa jami'ai mutumin da ya gani ya ajiye jaka kusa da shi, yana kwance a gadon asibiti. Mai motar da aka ƙwace ya tsere a gidan mai ya sa aka kira 'yan sanda. Mai kwale-kwalen ya ga abin da bai gane ba a bayan gidansa ya buga waya. Jama'a sun taimaka ƙwarai, amma taimakon da ya yi amfani ya zo ne daga waɗanda suka gani da idonsu suka kai wa masu ikon bincike. Zauren da dubban mutane suka kwana a ciki bai gano ko ɗaya daga cikin 'yan uwan biyu ba.

Akwai dalilin hakan da ya wuce rashin sa'a. Ɗan Adam gwani ne wajen gane fuskar da ya saba da ita, amma rauninsa babba ne idan aka ba shi hotuna biyu na baƙin da bai sani ba aka ce ya faɗa ko mutum ɗaya ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan jami'an fasfo na Ostireliya, mutanen da wannan ne aikinsu na kullum, ya nuna sun karɓi kashi 14 cikin 100 na hotunan da ba na mai riƙe da su ba ne. Kuskuren yana ƙaruwa idan fuskar ta wata ƙabila ce da mai kallo bai saba mu'amala da ita ba. To ina ga hoton kyamarar tsaro mai dishi-dishi, da tsakar dare, a idon wanda ya riga ya ji an ce shi ne? Hausawa sun gama magana tun da can da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

A ganina wuri ɗaya ne aka iya tare wannan ɓarna cikin sauƙi, wato lokacin da suna ya fara fitowa. Kafin nan ana zagaye fuskokin da ba a san masu su ba, abin da shi ma bai dace ba, amma bai kai ƙofar gidan kowa ba. Da zarar an liƙa suna, kowa na iya nemo shafin mutum, da lambar 'yar uwarsa, da unguwar iyayensa. Dokar hana suna tana nan a rubuce a zauren, sai dai doka ba ta goge rubutu da kanta. Masu kula da zaure 'yan sa-kai ne ƙalilan, rubuce-rubuce na kwarara fiye da yadda za su iya karantawa, kuma ko sun goge guda, an riga an ɗauki hotonsa an kai Twitter. Wanda ya buɗe wurin da manufarsa ita ce gano mutum, ya kuma ce kada a ambaci mutum, ya ɗaura wa kansa abin da ba zai iya riƙewa ba. Idan masu kula ba su da yawan da za su tace kowane rubutu kafin ya fito, rufe zauren a wannan daren shi ne abin da ya rage musu, ko da za a zage su a kan haka.

'Yan jaridar da suka yaɗa sunan kuwa, laifinsu a wurina ya fi na masu zaure nauyi. Ɗan zaure hasashe yake yi, kowa ya san haka. Ɗan jarida idan ya taɓa magana, ya ara mata mutuncinsa. Tambaya ɗaya ta ishe su: wa ya ji da kunnensa, a wane minti, ina faifan? Ko da ma an ambaci sunan a oba-oba, maganar oba-oba zance ne na jami'ai a tsakiyar aiki, cike da zato da gyara, ba a ɗaukarta a matsayin sanarwa.

Game da iyalin, na daɗe ina tambayar kaina ko akwai abin da za su yi daban, kuma ban samu ba. Akan shawarci wanda aka yi wa irin wannan taron dangi ya adana hotunan barazanar kafin a goge, ya kai rahoto ga dandalin da 'yan sanda, ya fitar da bayani guda ɗaya gajere ya daina amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ba wani amintacce wayarsa ya riƙe masa. Duk shawarwari ne masu kyau, suna rage raɗaɗi, suna kuma amfani in an je kotu. Amma babu ɗayansu da zai tsayar da abin da ya faru tsakanin ƙarfe 3 da asuba. Mabuɗin tsayar da shi yana hannun masu yaɗawa da masu dandali da hukumar da ta san gaskiya.

Bayan ƙura ta lafa

Ranar 22 ga Afrilu babban manajan Reddit na lokacin, Erik Martin, ya fito fili ya nemi afuwa, ya ce sun kuma nemi gafarar iyalin kai tsaye. Ya amince cewa dandalin ya kafa dokar hana bayanan mutane tun shekarun baya ne saboda irin wannan farautar takan faɗa kan marasa laifi, sun yi fatan wannan karon zai bambanta, kuma sun yi kuskure. An rufe zauren. A watan Satumba na shekarar, da aka yi harbe-harbe a sansanin sojin ruwa da ke birnin Washington, wani ya buɗe irin wannan zaure don neman maharin, Reddit ta rufe shi ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan matakin ya fi takardar neman afuwar nuna cewa an ji a jika.

Ta fuskar shari'a hanyoyin sun rabu. Samarin nan biyu sun maka New York Post a kotu kan ɓata suna, a 2014 aka sasanta ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba. Jarida ita ke da alhakin abin da ta buga. Dandalin intanet a Amurka kuwa yana da kariyar sashe na 230 na wata doka ta 1996, wanda ya ce ba za a ɗauke shi a matsayin mawallafin abin da masu amfani da shi suka rubuta ba. Ga iyalin da dubban mutane suka cutar, kowanne da ɗan guntun rubutunsa, da yawa a bayan sunayen ƙarya, wa za a kama? Wasu daga cikin waɗanda suka yaɗa sunan sun nemi gafara, wasu suka goge abin da suka rubuta suka ci gaba da harkokinsu.

Iyalin sun sake buɗe shafin a ranar Juma'ar da aka wanke ɗansu. Ba su tsaya ramuwa ba. Tunda yanzu duniya ta san fuskarsa, sai suka roƙi duniyar ta taya su nemansa, suka koma kan titunan Providence kamar yadda suke yi tun Maris.

Ranar 23 ga Afrilu aka ga gawa a ruwa kusa da wurin shaƙatawa na India Point a Providence. Bayan kwana biyu aka tabbatar ta hanyar bayanan haƙoransa cewa shi ne. Ya daɗe a cikin ruwan. Abin da binciken ya nuna shi ne ya riga ya rasu tun kafin ranar gudun, tun kafin a ajiye jakunkunan nan biyu a titin Boylston. Mahaifiyarsa da mahaifinsa da 'yan uwansa sun yi kwana 38 suna nemansa.